Kyauta daban, 'yanci daban: yadda ake fayyace abin da mai karatu zai iya yi da rubutunka

A bayan ƙananan littattafai da yawa da ake rabawa a masallatai da wuraren taro za ka tarar an rubuta: wakafi ne, ba na sayarwa ba. Wani kuma sai ya saki fayil a WhatsApp ya ce kowa ya yaɗa don Allah. Ba mai musun kyawun niyyar. Rigimar tana tasowa ne ranar da wata ma'aikaciyar lafiya a Yola ta so fassara babi biyu zuwa Fulfulde, ko wani malami a Maraɗi ya so gyara misalan su dace da kuɗin sefa, ko mai shagon fotokwafi ya tambaya ko zai iya buga kwafi hamsin ya ajiye wa masu nema. Babu wanda ya san ko an yarda masa a cikinsu, marubucin kuma ba ya kusa. Wataƙila ma ya riga mu gidan gaskiya.

A wajen doka, shirun marubuci hani ne. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Najeriya da Nijar duk suna ciki, ta sa haƙƙin mallaka yana hawa kan rubutu tun ranar da aka rubuta shi, ba sai an yi rajista ba, kuma yana tsayawa aƙalla shekara 50 bayan rasuwar marubuci. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 kuwa shekara 70 ne. Duk abin da ba ka faɗa da bakinka ka yarda ba, to a kulle ka bar shi, har jikokinka su tsufa.

Don kada maganar ta tsaya a iska, mu ɗauka ka rubuta jagora mai shafi 40 da Hausa kan haɗa wutar sola a gida: yadda ake auna fanel, zaɓen batir, haɗa inbata, da abubuwan da ke ƙona kaya. Kana so ta yaɗu ta amfani mutane. Da ita za mu bi matakan, amma hanyar ɗaya ce ko littafin koyon manhaja ka rubuta, ko darasin lissafi, ko bayanin ajiye wake.

Mataki na farko: tantance abin da yake naka

Ba a kyauta da kayan wani. Buɗe littafin shafi-shafi ka rubuta asalin kowane abu. Hoton inbata da ka ɗauko daga shafin kamfani ba naka ba ne. Zanen wayoyi da ƙaninka ya yi nasa ne, sai ya yarda, kuma a rubuce, ko da saƙon waya ne ka adana. In a bakin aiki ka rubuta jagorar, duba takardar ɗaukar aikinka, don sau da yawa ma'aikata ce ke da haƙƙin. In ka taɓa sa hannu da maɗaba'a, koma ka karanta abin da ka miƙa musu. Abin da ka kasa samun izininsa, ko dai ka cire, ko ka maye gurbinsa da naka, ko ka rubuta ƙarƙashinsa ƙarara cewa lasisin littafin, wato izinin da ka ba masu karatu a rubuce, bai shafe shi ba. Na farko da na biyu sun fi, don na uku yana bar wa mai fassara rami a tsakiyar shafi.

Mataki na biyu: rubuta ayyuka, kada ka rubuta siffofi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce rubutun “buɗaɗɗe ne” ko “na kowa ne” a tsaya nan. Waɗannan kalmomi ba sa amsa tambayar kowa. Ɗauki takarda ka rubuta jimloli da suka fara da “mai karatu yana iya”, kowace ka cika ta da aiki ɗaya takamaimai.

Wannan dabara daga duniyar manhaja ta fito. Richard Stallman, wanda ya sanar da GNU, aikin gina manhaja mai 'yanci, a 1983 ya kuma kafa gidauniyar FSF mai tallafa wa aikin a 1985, shi ya fara jera 'yancin mai amfani da manhaja ɗaya bayan ɗaya. Yau guda huɗu ne, ana ƙirga su daga sifili zuwa uku, saboda da can uku ne, daga baya aka ga akwai wanda ya fi su zama tushe, wato 'yancin amfani da manhajar kanta, sai aka sa shi gaba aka kira shi na sifili maimakon a sake lambobi. Masu Turanci sun sha wahalar bayani saboda kalma ɗaya ce a harshensu take nufin kyauta take kuma nufin 'yanci. Mu wannan bai dame mu ba. Bahaushe ya san abin da aka ba shi kyauta ba lalle ne a sakar masa mara a kansa ba.

A 2006 Erik Möller da Benjamin Mako Hill suka jagoranci mayar da wannan tunani kan rubutu, hoto, waƙa da sauran ayyukan fasaha, aka fitar da cikakkiyar ma'anar aiki mai 'yanci a Fabrairun 2007, Gidauniyar Wikimedia mai kula da Wikipedia kuma ta ɗauke ta a matsayin ma'auninta a watan Maris na shekarar. Ita ma 'yanci huɗu ta lissafa, kuma su ne ya kamata su zama ƙashin bayan takardarka.

Na farko, amfani da rubutun ta kowace hanya, a ɓoye ko a bainar jama'a. A jagorarmu ta sola wannan yana nufin a karanta ta, a koyar da ita a aji, a karanto ta a gidan rediyo, ba tare da an ware wasu mutane ko wasu dalilai ba. Na biyu, nazarinta da aiki da ilimin da ke ciki: yaron da ya koyi haɗa batir daga littafinka ya buɗe shago, ba sai ya nemi izininka ba, ba ka bin sa kaso. Na uku, yaɗa kwafi, kyauta ko da kuɗi, ɗaya ko dubu. Na huɗu, gyarawa da yaɗa abin da aka gyara: fassara, taƙaitawa, sabunta farashi, cire babin da ya tsufa, haɗa shi da wani littafi.

David Wiley, wanda ya fitar da ɗaya daga cikin lasisan farko na buɗaɗɗen rubutu a 1998, ya ƙara wani abu a 2014 da nake ganin ya fi shafar mu: 'yancin mallakar kwafi da riƙe shi. Ya lura ana ba mutane damar karatu a shafin intanet kawai, ranar da shafin ya rufe shi ke nan. Ga wanda yake sayen data da awo, yake zaune inda sabis ke zuwa yana tafiya, rubutun da ba a iya saukewa a ajiye a waya kusan babu shi ne. Sa wannan a jerinka.

Mataki na uku: gwada jerin da mutanen da ba za su taɓa haɗuwa da kai ba

Nan ne aikin yake. Masu tantance lasisi a Debian, wata ƙungiyar masu haɗa manhaja mai 'yanci, suna da wasu gwaje-gwaje da suke yi da tunani. Ɗaya shi ne na mutumin da ya maƙale a tsibiri da kwamfutarsa, ba shi da hanyar tuntuɓar kowa: zai iya gyara abin ya ba wanda suke tare ba tare da ya karya sharaɗi ba? In lasisi ya ce dole a sanar da marubuci kafin gyara, ya faɗi wannan gwaji. Wani gwajin na ɗan adawa ne da ke zaune ƙarƙashin gwamnatin kama-karya, wanda bayyana sunansa zai jefa shi cikin haɗari. Na uku yana tambaya: in wani babban kamfani mai mugun nufi ya saye haƙƙin daga hannun marubuci, zai iya ƙwace 'yancin daga waɗanda aka riga aka ba?

Yi irin wannan da mutanenka. Kawo su a zuciya ɗaya-ɗaya, ka ga inda sharuɗɗanka suka tare su.

Fara da mai buga littafi, domin shi ne zai fito maka da gaskiyar sharaɗin “ba na sayarwa ba”. A lasisan Creative Commons, wata ƙungiya mai rubuta lasisan da kowa zai iya sa wa aikinsa, ana yi wa wannan sharaɗi alama da NC, kuma shi ne zuciyar yawancin marubuta take fara karkata gare shi. Na fahimci dalilin. Ba wanda yake son ya yi wahala wani ya ci riba. Amma ka tambayi kanka ta wace hanya littafi yake isa ƙauyen da ba intanet. Wani ne yake sayen takarda da tawada, ya biya mai injin, ya ɗora a mota, ya shimfiɗa a kasuwa ranar da take ci. In ka hana shi ɗan abin da zai samu, ba zai yi ba, kai kuma ba za ka je ba. Ka hana riba, ka kuma hana littafin tafiya.

Ga kuma duhun ma'ana. Lasisin ya fassara amfanin da ba na kasuwanci ba da cewa shi ne wanda ba a yi shi musamman don ribar kasuwanci ko biyan kuɗi ba. To makarantar kuɗi fa? Gidan rediyon da ke saka talla kafin shirin da bayansa? Cibiyar koyon sana'a da ke karɓar kuɗin fom? A Amurka sai da maganar ta kai kotu. Wata ƙungiya mai suna Great Minds ta saki darussan lissafi da sharaɗin NC, makarantun gwamnati suka kai shagunan FedEx a buga musu, ƙungiyar ta kai ƙara cewa shagon ya ci riba. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa shagon aikin makarantun yake yi, bai karya lasisi ba. An samu amsa, amma bayan lauyoyi da shekaru. Malamin da ke Gumel ba shi da lauya, abin da zai yi kawai shi ne ya haƙura da littafin. Sannan rubutun da ke da NC ba ya shiga Wikipedia, har da ta Hausa, ba a kuma iya gauraya shi da rubutun da aka ɗauko daga can.

Sai mai fassara. Shi kuma sharaɗin hana gyara, mai alamar ND, shi ke tare shi, domin fassara a doka sabon aiki ne da aka gina kan na asali. Duk wanda ya saki rubutu da ND ya rufe ƙofar Fulfulde, Kanuri, Zabarmanci da Larabci gaba ɗaya. Mu da muka daɗe muna cin karo da kyawawan littattafan Turanci da Faransanci da ba mu da ikon mayarwa Hausa, bai kamata mu yi wa na bayanmu haka ba. Lasisan Creative Commons na zubi na 4.0 sun yarda a sauya siffar fayil ko a buga a takarda ko da akwai ND, wannan ba a ɗauke shi gyara ba. Amma mayar da boko zuwa ajami, ko sauya 'y ta Najeriya zuwa ƴ ta Nijar tare da musanya kalmomin da suka bambanta tsakanin Kano da Damagaram, abu ne da mai tsoron doka zai tsaya yana wasi-wasi a kai. Kada ka bar shi cikin wasi-wasi. Cire sharaɗin, ko ka faɗi a fili cewa ka yarda.

Akwai inda ND yake da hujja, kuma ba zan ɓoye ba. Ra'ayi, shaidar abin da mutum ya gani da idonsa, fatawa, wasiyya: waɗannan maganar mutum ce, sauya su sa masa magana a baki ne. Stallman kansa ya bambanta rubutun aiki da rubutun ra'ayi, shafin GNU ma da lasisin hana gyara yake fitar da maƙalunsa na ra'ayi. Amma jagorar sola ba ra'ayi ba ce. Kayan aiki ce, kuma tana tsufa. Batiran lithiyam sun shigo kasuwa sun sauya lissafin da aka saba yi da batiran ruwa. Jagorar da ba a iya sabuntawa, wata rana za ta koya wa mutum abin da zai lalata masa kaya.

Kada ka manta da makaho da zai so a mayar masa da rubutun murya, da mai shirin rediyo da zai mayar da babi wasan kwaikwayo, da ɗalibar da za ta ciro jadawali ɗaya ta sa a kundin digirinta. Duk wanda ka ga sai ya nemo ka kafin ya motsa, to akwai sauran gyara a takardarka.

Mataki na huɗu: zaɓi sharuɗɗan da ba sa cin 'yanci

Ba kowane sharaɗi ne ƙangi ba. Biyu sun samu karɓuwa. Ɗaya shi ne ambaton marubuci, alamar BY, wanda ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi cikin al'adar jingina magana ga mai ita. Ɗayan shi ne SA: wanda ya gyara ya yaɗa, dole ya saki nasa gyaran da irin lasisin da ya samu. Wannan ne amsar da ta fi dacewa da tsoron da ke sa mutane gudu zuwa NC. Kamfani yana iya buga jagorarka ya sayar, amma in ya inganta ta, ingantaccen bugun ma na kowa ne, kai ma kana iya ɗauka ka mayar cikin naka. Ba mai iya kulle ta ya ce tasa ce shi kaɗai.

Wasu sharuɗɗan kuwa a ido ƙanana ne, sai an zo aiki su zama kaya. Labarin lasisin GFDL ya isa darasi. FSF ta fitar da shi a 2000 musamman don littattafan bayanin manhaja. Ya ba da 'yancin kwafi da gyara da sayarwa, amma ya yarda marubuci ya ware wasu sassa ya ce ba a taɓa su ba a cire su, muddin ba kan ainihin darasin suke magana ba, kamar tarihin aikin ko aƙidar masu shi. Ya kuma yarda a tilasta wasu kalmomi a bango, biyar a gaba, 25 a baya. Sannan dole kowane kwafi ya tafi da cikakken rubutun lasisin, mai shafuka da yawa. Ka ɗauka kana so ka ciro shafi ɗaya kan haɗa batir ka manna a bangon shago: bisa ƙa'ida sai ka haɗa da lasisin duka da sassan nan da ba a taɓawa. Jela ta fi kare.

A watan Maris na 2006 masu aikin Debian suka kaɗa ƙuri'a suka yanke cewa rubutun GFDL yana cika ma'auninsu na 'yanci ne kawai in ba shi da waɗannan sassa marasa taɓuwa. Shi ya sa har littafin bayanin Emacs, manhajar Stallman kansa, ya koma ɓangaren da Debian ke ajiye abubuwan da ba su cika sharaɗi ba. Wikipedia ma da GFDL ta fara. Sai da FSF ta fitar da zubi na 1.3 a Nuwambar 2008 da wata ƙofa ta ɗan lokaci, sannan Wikipedia ta samu ta koma CC BY-SA a watan Yunin 2009. Abin ɗauka a nan: duk sharaɗin da za ka ƙara, gwada shi a kan shafi ɗaya tak da aka ciro daga littafin, ka ga ko zai ɗauku.

Mataki na biyar: ɗauki lasisin da aka sani, kada ka ƙirƙiro naka

Takardar da ka cika a matakan baya ma'auni ce, ba ita za ka manna a littafi a matsayin doka ba. Lasisin da mutum ya rubuta da kansa yakan bar ramuka, kuma ba ya haɗuwa da na kowa, sai rubutunka ya zama tsibiri. Creative Commons, wadda aka kafa a 2001 ta fitar da lasisanta na farko a Disambar 2002, tana da guda shida, amma biyu ne kawai a ciki suka cika 'yancin nan huɗu: CC BY da CC BY-SA. Akwai kuma CC0 na 2009, wanda da shi marubuci yake sakin haƙƙinsa gaba ɗaya iyakar abin da doka ta yarda, ko ambaton suna bai nema ba.

In burinka rubutun ya shiga ko'ina, har cikin littattafan da maɗaba'u ke sayarwa da nasu sharuɗɗan, ɗauki CC BY. Shi ne StoryWeaver, taskar labaran yara ta intanet daga Indiya, take amfani da shi, shi ya sa labaran yara da ke can suke yawo daga harshe zuwa harshe. In kana so duk abin da aka gina a kan naka ya zauna a buɗe, ɗauki CC BY-SA, wanda Wikipedia ke kai, ta kuma koma zubinsa na 4.0 a 2023. Ni ga jagorar aiki irin ta sola, BY-SA nake zaɓa. Kowanne ka ɗauka, ɗauki zubi na 4.0 na 2013, don an rubuta shi ya yi aiki a kowace ƙasa ba sai an yi masa kwaskwarima ba.

In jagorarka ta manhaja ce kuma akwai misalan kod, wato layukan umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, a ciki, raba su da sauran rubutun. Mai koyo zai kwafi layi goma ya sa a aikinsa, bai kamata sharaɗin SA ya bi shi har can ba. Kundin MDN na Mozilla, mai bayani ga masu gina shafukan intanet, haka ya yi: bayanin yana ƙarƙashin CC BY-SA, misalan kod kuma CC0.

Mataki na shida: ba da abin da ake gyarawa da shi

Izinin gyara ba tare da fayil ɗin da ake gyarawa ba, an ba ka da dama an karɓe da hagu ne. Na taɓa karɓar wani littafin koyarwa daga wata ƙungiya, lasisinsa lafiya lau, amma abin da suka saki hotunan shafuka ne aka ɗinke su PDF. Ko kalma ɗaya ba a iya kwafa. Sai da muka sake buga shi da hannu daga farko, muka kuma shigar da kurakuran da babu su a asali.

Saboda haka saki abu biyu: wanda ake karantawa, da tushen da ka yi aiki da shi. Tushen ya kasance a siffar da manhaja kyauta take buɗewa, kamar ODT na LibreOffice ko rubutu zalla. Zane-zane ka ba da su daban, ta yadda mai fassara zai iya sauya kalmomin da ke cikin zanen. GFDL ma, duk da nauyinsa, ya gane wannan: ya wajabta wa wanda ya buga fiye da kwafi 100 ya samar da tushen da ake iya gyarawa. Kada ka sa wa fayil kalmar sirri ko makullin hana kwafi. Lasisan 4.0 sun hana masu yaɗawa sa irin wannan makulli, zai zama abin kunya a ce marubucin ne ya fara.

Akwai abin da ya keɓanta da mu: haruffa masu lanƙwasa. Rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ da Unicode na gaskiya, wato tsarin haruffan kwamfuta na bai ɗaya, kada ka yi amfani da tsoffin salon haruffa da ke ɓoye ƙ a bayan wata alama, waɗanda in aka buɗe a wata kwamfuta sai ka ga shirme. Salon haruffan kansa yana da lasisi. Andika da Charis na SIL, wata ƙungiyar nazarin harsuna, suna da haruffanmu, kuma a buɗe suke ƙarƙashin OFL, lasisin salon haruffa. Ga ajami akwai Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun Kano, shi ma da wannan lasisi.

Mataki na bakwai: rubuta sanarwar, da harshen mai karatu

Sa ta a shafi na biyu na littafin da kuma cikin kowane fayil, don fayiloli suna rabuwa da juna a hanya. Ga irin yadda za ta kasance:

“Jagorar Haɗa Sola a Gida, bugu na 1, na wane ɗan wane. An sake ta ƙarƙashin lasisin Creative Commons BY-SA 4.0, creativecommons.org/licenses/by-sa/4.0/. Kana iya saukewa, ajiyewa, kwafa, bugawa, sayarwa, karantawa a rediyo, fassarawa, mayarwa ajami, da gyarawa, ba sai ka nemi izini ba. Sharaɗi: ka ambaci marubuci da inda ka samo, ka faɗi in ka sauya wani abu, ka kuma saki gyaranka da wannan lasisi. Hoton shafi na 12 ba ya cikin lasisin. Wannan bayani taƙaitawa ne, cikakken lasisin shi ne abin dogaro.”

Jimlar ƙarshen nan tana da amfani, kada ka bar ta. Kuma ka kula kada taƙaitawarka ta shigo da sharaɗin da babu shi a lasisi. In kana son a aiko maka da kwafin fassara, rubuta shi a matsayin roƙo: zan ji daɗi in an sanar da ni. Da ka ce “dole”, ka koma kan mutumin tsibiri.

Abin da ya fi damun masu rubutun fasaha shi ne wani ya ɓata bayani, gobara ta tashi, a ce littafin wane ne. Lasisin ya tanadi kariya. Dole mai gyara ya nuna ya gyara. Ba shi da ikon nuna kamar ka amince da bugunsa. Kana iya neman a cire sunanka daga bugun da ba ka so. Lasisin bai ba kowa tambarinka ko sunan kasuwancinka ba, kuma ya faɗi cewa ba ka ɗauki lamunin sakamakon amfani da rubutun ba, iyakar yadda doka ta yarda. Abin da ya rage gare ka shi ne ka sa lambar bugu da shekara, ka kuma faɗi wuri ɗaya tabbatacce da ake samun asalin, don mai shakka ya gwada.

Mataki na takwas: bayan ka saki

Magana zarar bunu ce. Lasisan Creative Commons ba a janye su. Kana iya daina rabawa, kana iya fitar da bugu na biyu da wasu sharuɗɗa, kana ma iya sayar da naka bugun, tunda haƙƙin mallakar yana hannunka har yanzu. Amma wanda ya riga ya samu bugun farko yana nan da 'yancinsa, shi da duk wanda ya karɓa daga hannunsa. Saboda haka in akwai mai haƙƙi tare da kai, ko iyalin da suke ganin littafin gado ne, a yi maganar kafin a saki.

In mutane suka fara aiko da gyara ko sabon babi, faɗa musu tun farko cewa gudummawarsu za ta shiga ƙarƙashin lasisin littafin, ka kuma riƙa rubuta sunayensu a wani shafi. In ba ka yi haka ba, bayan shekara biyu za ka tarar da littafi mai masu haƙƙi goma sha, ba ka san wanda ya yarda da me ba.

Wata rana kuma za ka ci karo da jagorarka a kasuwa an cire sunanka, ko an buga “an hana kwafa” a bangonta. Wanda ya yi haka izininsa ya faɗi nan take, ba sai ka je kotu ba. Amma zubi na 4.0 ya ba shi kwana 30 daga ranar da ya san da laifin: in ya gyara a ciki, izinin ya dawo da kansa. Don haka fara da saƙo, ba da lauya ba. Ɗauki hoton bangon da shafin da aka taɓa, rubuta masa ranar da ka gani, nuna masa sharaɗin da ya tsallake, ka ba shi ainihin kalmomin da zai sa a bugu na gaba ko ya manna a kwafin da suka rage a shago. Ajiye kwafin saƙon da ranar da ka aika, don shi ne shaidarka cewa ya san da laifin, kuma daga ranar da ya sani kwana talatin ɗin suke fara ƙirguwa.